Soyayyar ratsa zamani a garin da aka yi wa ƙawanya

Soyayyar ratsa zamani wani reshe ne na ƙagaggun labarai inda mutumin wannan zamani, galibi mace, yake tsintar kansa a wani lokaci da ya daɗe da shuɗewa, ya kamu da son wani ɗan wancan lokaci, har ta kai shi ga zaɓi tsakanin masoyinsa da duniyar da ya baro. A cikin wannan reshe akwai nau'in da ake kafa labarinsa a garin bakin iyaka ko sansanin tsaro wanda abokan gaba suka yi wa ƙawanya, ba shiga ba fita. Nau'in ya fi bunƙasa a littattafan soyayya na Turanci, musamman a Amurka, inda marubuta ke komawa ga yaƙe-yaƙen ƙarni na 18 da na 19. Yana haɗa soyayya da tarihin yaƙi da abin al'ajabi, kuma makarancin Hausa ya daɗe da sanin kowane ɗaya daga cikinsu. Birnin Kano, mai ganuwa da ƙofofi da dogon tarihin hare-hare, wuri ne da ya dace a auna wannan salo da shi, domin tarihinsa yana nuna inda salon yake da ƙarfi da kuma inda yake saurin kauce wa gaskiya.

Asali

Tunanin mutum ya farka a zamanin da ba nasa ba ya girmi adabin zamani. Musulmi yana karanta ƙissar As'habul Kahfi, samarin da suka zauna cikin kogo shekara 300 da ƙarin 9, sannan suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Wannan wahayi ne, ba a jera shi da ƙage, amma ya sa tsallake zamani bai taɓa zama baƙon abu a kunnen Bahaushe ba. Sai dai wannan tafiya ce zuwa gaba. Komawa baya ita ce ta zo daga baya a rubuce-rubucen marubuta. A 1889 Mark Twain ya wallafa labarin wani Ba'amurke ma'aikacin masana'anta da aka buga a ka, ya farka a Ingila ta zamanin Sarki Arthur. A 1895 H. G. Wells ya kawo na'urar da ake hawa a ratsa lokaci da ita. Littafin da ya fi kafa siffar soyayyar a idon masu karatu shi ne Outlander na Diana Gabaldon, na 1991, inda wata ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu ta taɓa wani tsohon dutse ta faɗa Sikotilan ta 1743, ana dab da tawayen da aka murƙushe a 1746. A ƙasar Sin salon ya yi ƙarfi a labaran intanet da wasannin talabijin, har a 2011 hukumar da ke kula da talabijin ta yi jan kunne a kansa, tana ganin ana wasa da tarihi.

Ta fuskar kimiyya maganar gajera ce. Nazarin Einstein ya nuna cewa lokaci yana iya tafiya a hankali ga wanda ke gudu mai tsanani idan aka kwatanta da wanda ke zaune, kuma an tabbatar da haka da agoguna masu matuƙar daidaito. Babu wata shaida da ta nuna mutum zai iya komawa jiya. Shi ya sa yawancin marubutan soyayya ba sa ɓata tawada wajen bayanin yadda aka yi tafiyar.

Yadda ake gina labarin

Hanyar tafiya takan zama dutse, ko kangon gini, ko zobe, ko madubi, ko kuma suma bayan haɗari. Abin da ya fi hanyar muhimmanci shi ne dokarta: shin ana iya dawowa, yaushe ƙofar take buɗewa, kuma mutum nawa take ɗauka. Da zarar marubuci ya kafa dokar, bai kamata ya karya ta don ya ceci jarumarsa a babin ƙarshe ba. Masu karatu suna yafe abin al'ajabi, amma ba sa yafe maguɗi.

Ƙawanya kuwa tana yi wa labarin aikin da babu wani yanayi da zai yi masa. Tana tara mutane wuri guda ta kulle su, attajiri da bawa, malami da maƙeri, baƙuwa da baraden da ba su yarda da ita ba. Tana kuma sa wa labarin wa'adi, domin rumbu yana raguwa, rijiya tana ja baya, kibau suna ƙarewa. A irin wannan hali soyayyar da za ta ci shekara tana tsiro takan nuna cikin mako biyu, mai karatu kuma ya yarda, saboda wanda bai da tabbacin ganin gobe ba ya jan zance.

Amma zuciyar salon tana wani wuri. Jarumar ta san yadda abin zai ƙare. Ta karanta a makaranta cewa ranar kaza garin zai faɗi, kuma mutumin da ke tsaye kan badala yana yi mata alkawari yana cikin waɗanda ba za su fita da rai ba. Idan ta yi shiru, ta bar shi ya mutu da saninta. Idan ta yi magana, za a tambaye ta inda ta samo labari, kuma a garin da yaƙi ya tsare amsa biyu ce kawai mutane za su kawo: ko 'yar leƙen asiri ce, ko mai iskoki. Littafin da ya riƙe wannan damuwa da gaske yakan yi nauyi. Wanda ya mayar da sanin gaibun nan abin burgewa kawai, jaruma tana koya wa mutanen da dabaru suna ta mamaki, yakan zama raini ga magabata ko da marubucin bai nufa ba.

Ƙawanyoyin da marubuta suka fi ɗauka

A Amurka babu wadda ta kai ta Alamo suna. Tsohuwar majami'a ce a San Antonio ta Texas, wadda sojojin Meziko ƙarƙashin Santa Anna suka tsare kwana 13, daga 23 ga Fabrairu zuwa 6 ga Maris 1836. Mayaƙan ciki, kimanin 200, kusan duk an kashe su, aka bar mata da yara da wani bawa mai suna Joe. Akwai kuma sansanin William Henry da Faransawa da ƙawayensu 'yan asalin ƙasar suka ci a Agustan 1757, da Boonesborough ta Kentucky wadda mayaƙan Shawnee suka tsare a Satumban 1778 suka tashi ba su ci ta ba. Laifin da aka fi kama waɗannan littattafai da shi shi ne suna kallo daga cikin katanga kawai. Waɗanda ke waje sai su zama inuwa mai ihu, alhali a wurare da dama ƙasar kakanninsu ce ake ƙwacewa. Haka nan batun bauta a rikicin Texas, wanda Meziko ta riga ta haramta tun 1829, ba kasafai yake samun wuri tsakanin wasiƙun masoya ba.

Afirka ma tana da nata. Mahadi ya tsare Khartum daga Maris 1884 zuwa 26 ga Janairu 1885. Alhaji Umaru Tal ya tsare sansanin Faransawa na Medine a 1857. Samori Ture ya shafe fiye da shekara a bakin ganuwar Sikasso tsakanin 1887 da 1888 bai shiga ba.

Ganuwar Kano

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Muhammadu Nazaki (1618–1623) ya ƙara faɗaɗawa. Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya ƙiyasta zagayenta kimanin mil 15, tsayinta ƙafa 30, da ƙofofi 15 da ake buɗewa da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin ciki ba. Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, suna ninkawa a lokacin fatauci.

Wannan fili da ba a gina ba shi ne sirrin ganuwar, kuma marubucin da bai fahimce shi ba zai rubuta Kano kamar ƙaramin sansanin katako na Amurka. A cikin ganuwa akwai gonaki da makiyaya, akwai rijiyoyi da kududdufai, akwai rafin Jakara, ga Dala da Goron Dutse inda ake hango ƙurar mahara tun suna nesa. Idan aka buga kuge, mutanen ƙauyukan kusa sukan shigo da dabbobinsu da hatsinsu su sami wurin zama. Daga waje akwai gwalalo da sarƙaƙiya masu hana doki matsowa. Ƙofofin ƙunci gare su, kowace da Sarkin Ƙofa, kuma an gina wasu a lanƙwashe yadda 'yan baka za su harbi mai tunkaro su ta gefe. Rundunar da ke son ta kashe irin wannan birni da yunwa sai ta zagaye mil goma sha wani abu, ta ciyar da dawakinta wata da watanni, alhali yawancin mayaƙanta manoma ne da za su koma gida da faɗuwar ruwan fari. Saboda haka doguwar ƙawanya, irin wadda salon yake so, ba ita ce aka fi gani a tarihin birnin ba. Abin da aka fi gani shi ne a yi sansani a bakin gari, a ci ƙauyuka, a gwabza a fili, sannan ko a fasa ƙofa ko a tashi.

Misalan suna nan. A zamanin Abubakar Kado (1565–1573) Katsinawa sun matso har suka yi sansani a Salanta. A zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) Kwararrafa sun zo, mutanen Kano suka yi ƙaura zuwa Daura. Sun sake zuwa a zamanin Kukuna, sannan a zamanin Dadi (1670–1703) suka shiga ta Ƙofar Gadon Ƙaya suka yi kisa mai yawa. A zamanin Kumbari (1731–1743) Mai Ali na Barno ya sauka a Fage kwana uku, malamai suka shiga tsakani, ya juya ba a yi yaƙi ba. Kanawa ma sun tsare wasu: Kutumbi (1623–1648) ya yi wata tara a Dugazawa, ya hana Katsinawa fita. Akwai kuma riwayar Leo Africanus cewa Askiya Muhammadu na Songhai ya ci Kano bayan doguwar ƙawanya, ya sa sarkinta ya auri 'yarsa, yana biyan sulusin kuɗin shiga. Tarihin Kano bai ambaci wannan ba, masana da dama kuma suna shakkar ta, amma ko a haka tana tuna mana cewa a wancan zamani aure yana cikin abubuwan da ake rufe yaƙi da su, ba tare da an tambayi amarya ba.

Lokuta biyu na baya-bayan nan sun fi kusa da zuciyar Kanawa. Na farko shi ne basasa. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin. Yusufu da 'yan uwansa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu kafin a kai ƙarshe, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, Yusufawa suka shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. A wannan yaƙi na ciki da na waje jini ɗaya ne, surukai ne, almajiran malami ɗaya ne. Ga labarin soyayya babu yanayin da ya fi wannan zafi, domin masoyi yana iya kasancewa a bayan ganuwa, waliyyi kuma a kan badala. Amma zuriyar ɓangarorin biyu suna raye a unguwannin birni, don haka ya fi kyau marubuci ya ƙirƙiri talakawansa ya bar sarakuna a inda tarihi ya ajiye su, kada ya sa musu maganar da ba su yi ba.

Na biyu shi ne zuwan Turawa. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji 'yan Afirka fiye da 700, da igwa da bindigogi masu ruwan harsashi. Ya ci Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu kuma ya fasa ta wajen Ƙofar Kabuga ya shiga birni a yini guda. Sarki Alu, wato Aliyu Babba, yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato da yawancin dawakin Kano, aka bar tsaron gari a hannun manyan bayin sarki, Sarkin Shanu kuma ya mutu yana kare fada. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi cikin watan, aka kama Alu aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Wannan ba ƙawanya ba ce, amma makonnin jiran da suka gabace ta, ana gyaran ganuwa ana sauraron jita-jitar fatake, suna da irin nauyin da salon ke nema. Jarumar da ta zo daga yau ta san cewa ganuwar da aka yi ƙarnuka ana dogaro da ita ba za ta kai la'asar ba.

Garuruwan bakin iyaka

Wanda ke neman ƙawanya ta ainihi sai ya fita daga birni. A ƙarni na 19 masarautar Kano tana fama da hare-hare ta ɓangarori da yawa: Ningawa daga kudu maso gabas, Maraɗawa daga arewa maso yamma, Damagaram daga arewa, ga kuma tawayen Ɗan Tunku a zamanin Ibrahim Dabo (1819–1846). Daular Sakkwato ta amsa da tsarin ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da ake kafawa ko a ƙarfafa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma da bayi. Irin waɗannan garuruwa ƙanana ne, ana iya zagaye su, rijiyoyinsu ƙidayayyu ne, gudummawa daga birni kuma sai ta kwana a hanya. Ko Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, ba a cikin Kano aka tsare shi ba. Bayan an karya rundunarsa a Ɗan Yaya ya bar birni, a Burumburum aka yi masa ƙawanya har aka kashe shi a 1807.

Abin da baƙuwar za ta tarar

A nan ake gane marubucin da ya yi bincike. Budurwar da ta fito daga Kano ta yau ta faɗa Kano ta 1890 za ta ji Hausa, amma rabin kalmomin bakinta babu mai gane su, kuma karatun bokonta ba shi da amfani a garin da ake rubutu da Larabci da ajami. Babu agogo a hannun kowa, lokaci shi ne asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Kuɗi wuri ne, Barth ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500, sayayya babba kuwa sai a ɗauko buhu. Jirgin ƙasa bai iso ba sai 1911. Abinci tuwon dawa ne da miyar kuka da daddawa, da fura. Gishiri da kanwa ayarin Azbinawa ke kawowa, goro kuma fatake ke ɗaukowa daga Gwanja, saboda haka da hanya ta toshe su ne farkon abin da zai yi tsada.

Marubuta suna son mayar da jarumar likita ko ma'aikaciyar jinya, don ta sami dalilin zama kusa da mayaƙa. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Za ta iya tafasa ruwa, ta wanke rauni, ta raba masu gudawa da rijiya, kuma wannan kaɗai zai ceci rayuka. Ba ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ta san dafin kwankwani da ake shafa wa kibiya ba kamar yadda wanzami da maharbi suka san shi. Ita kanta tana cikin haɗari. An sanar da kawar da agana daga duniya a 1980, aka daina yi wa yara lambarta, don haka 'yar yau ba ta da kariya daga cutar da mutanen wancan zamani da yawa suka riga suka yi suka warke. Ga kurkunu a ruwan kududdufi.

Sannan akwai ladabi. Ba za ta tsaya a gaban mai sarauta ta dube shi ido cikin ido ba. Za ta durƙusa ta ce "ranka ya daɗe", ta kira dattijuwar gidan da ta karɓe ta Inna ko Iya, maigidan kuma Baba ko Malam. Idan ta yi aure ba za ta kama sunan mijinta ba. Saurayin ba zai wuce zaure ba, a gidan sarauta kuwa saƙo sai ta bakin jakadiya. Waɗannan shingaye ba cikas ba ne ga labari. Littattafan soyayya na Kano sun daɗe da nuna cewa kallo ɗaya a soro da saƙo ɗaya ta hannun ƙanwa suna iya riƙe mai karatu babi goma.

Aure, nasaba da ƙaddara

Makarancin Hausa zai yi tambayoyin da makarancin Turanci ba lallai ya yi ba. Wa zai ɗaura auren macen da ba a haifi ubanta ba tukuna? Fiƙihu yana da amsa, domin shugaba ko alƙali shi ne waliyyin wadda ba ta da waliyyi, kuma zuwa gaban alƙali da tambayar asalinta babi ne mai zaman kansa. Idan ta baro miji a zamaninta fa? Igiyar aure ba ta tsinkewa don an yi nisa. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a yi bincike, ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda, ƙawanyar mako uku kuwa ba ta ba da wannan lokaci. Wannan ya sa budurwa ko bazawara ta fi sauƙin ɗauka a matsayin jaruma. Sai batun nasaba: Bakanuwar da ta koma birninsu shekara ɗari da talatin baya tana tafiya ne tsakanin kakannin kakanninta, kuma kaka ko ya yi nisa muharrami ne. Turawa sukan damu da tambayar abin da zai faru idan matafiyi ya kashe kakansa. A nan tambayar da za ta fi tayar da hankali ita ce kada ta aure shi.

Batun sauya abin da ya riga ya faru ya fi duka nauyi. Imani da ƙaddara rukuni ne, kuma hadisi ya yi hani ga cewa "da na yi kaza da kaza ya faru". Marubuta a wannan salo sun kasu biyu. Wasu suna barin jaruma ta karkatar da tarihi, garin da ya faɗi ya tsira. Wasu suna rufe da'irar, yadda duk abin da ta yi don ta hana faɗuwar garin sai ya zama yana cikin sabubban da aka riga aka rubuta. Na biyun ya fi dacewa da tunanin makarancin Musulmi, ya kuma fi girmama waɗanda suka mutu da gaske, domin bai mayar da mutuwarsu kuskuren da wata mai wayo za ta gyara ba. A irin wannan gini jarumar ba ta ceton gari. Tana iya ceton yaro ɗaya, ko ta fitar da wata tsohuwa kafin a fasa ƙofa.

Bauta

Babu yadda za a rubuta garin da aka ci da yaƙi a ƙarni na 19 a tsallake abin da ke biyo baya. Maza sukan mutu ko su gudu, mata da yara su zama ganima, a raba su, wasu a kai kasuwa, wasu dangi su bi sawu su biya fansa, wasu su ƙare a matsayin ƙwaraƙwarai. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka wallafa a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama matan danginsu da yadda aka tara kuɗi aka fanso su. Baƙuwar da ba ta da dangi, ba ta da tsagar da za ta nuna asalinta, ba ta da mai fansarta, ita ce mafi sauƙin faɗawa wannan hali tun ranar da ta iso. Barden da take so kuwa mai yiwuwa yana da bayi a gandunsa, ko shi kansa bawan sarki ne. Octavia Butler ta fuskanci wannan gaba da gaba a Kindred, na 1979, inda baƙar fata 'yar 1976 take komawa gonar bayi a Maryland. Labarin Kano da zai nuna lifidi da sulke da kakaki ya ɓoye kasuwar bayi ya zalunci mutanen da har yau jikokinsu ke cikinmu.

Dangantaka da adabin Hausa

Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da littattafan da kowannensu ya riƙe wani sashe na wannan salo. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa, ya wuce ƙasashen aljanu, jarumin ya dawo ya tarar zamani ya canza. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi sawun bauta da rabuwar uwa da ɗa. Jiki Magayi ya tsaya kan soyayya da auren da kuɗi ya raba. Daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ta zama cibiyar littattafan soyayya, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, a gefe guda kuma littattafan yaƙi masu sadaukai da matsafa suka sami nasu masu karatu. A yau yawancin irin waɗannan labarai suna fitowa ne babi-babi a WhatsApp da Wattpad, ana kuma karanta su a rediyo da YouTube. Wannan tsari ya dace da labarin ƙawanya, tunda kowane babi yana iya zama kwana ɗaya na tsarewa.

Kayan bincike suna nan kusa. Gidan Makama yana ajiye da tsofaffin ƙyamaren ƙofofi da kayan yaƙi da hotuna. Marinar Ƙofar Mata tana aiki har yanzu, lungunan Kurmi suna nan, ana hawa Dala a ga shimfiɗar tsohon birni. Ganuwar kanta an sa ta a jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO a 2007, amma gine-gine da ɗibar ƙasa da zaizayar ruwa sun cinye mafi yawanta, ƙofofi da dama kuma an rushe su an sake gina su da siminti don motoci su wuce. Marubucin da ke son sanin faɗin badala da zurfin gwalalo yanzu sai ya haɗa ragowar da ke tsaye ta wajen Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya da tsofaffin hotuna da abin da dattawan unguwannin suka ji daga iyayensu.